Zamanin Matilda ko Yaƙin Wardi: Ta Ina Za a Fara Karanta Labarin Sarakunan Ingila?

Wata ƙanwata da ta ƙoshi da littattafan soyayya ta tare ni kwanakin baya da tambaya: "Yaya, waɗannan manyan littattafan na sarakunan Ingila da kake kwana a kansu, da wanne zan fara?" Ban ba ta amsa nan take ba, domin kafin a zaɓi littafi sai an zaɓi zamani. Marubutan da ke gina ƙagaggen labari a kan tarihin gidan sarautar Ingila na da can, yawancinsu rijiyoyi biyu suke ɗiba. Ta farko ƙarni na 12 ce, daga 1120 zuwa 1216, zamanin Matilda da Stephen, da Henry na II da matarsa Eleanor da 'ya'yansu. Ta biyu ƙarni na 15 ce, daga 1455 zuwa 1485, lokacin da gidan Lancaster da gidan York suka yi ta kwasar juna, rikicin da daga baya aka laƙaba wa suna Yaƙin Wardi saboda furen wardi fari da ja da ake dangantawa da gidajen biyu.

Littattafan nan ba ƙanana ba ne. Da yawa sun haura shafi 600, wasu sun kusa 1,000, kuma da Ingilishi aka rubuta su. Wanda ya shiga ta ƙofar da ba ta dace da shi ba, a shafi na 80 zai ajiye, ya ce abin ba daɗi. Ni ra'ayina a fara da ƙarni na 12. Zan faɗi dalilina, zan kuma faɗi irin mai karatun da ya kamata ya saɓa mini.

Labarin ƙarni na 12 da hatsarin jirgin ruwa ya soma. A daren 25 ga Nuwamba 1120 wani jirgi da ake kira Farin Jirgi ya tashi daga gaɓar Barfleur a Normandi zai ƙetara Ingila. Matuƙa da fasinjoji sun sha giya sun yi tatul. Bai yi nisa ba ya daki dutse, ya nutse da mutum kusan 300, ciki har da William, ɗa namiji tilo da Sarki Henry na I ya haifa ta hanyar aure. Mutum ɗaya aka ce ya tsira, wani mahauci daga garin Rouen. Sarkin yana da 'ya'ya sama da 20 a waje, amma a lokacin an riga an daina ganin dacewar ɗora ɗan da ba na aure ba a kan karaga. Sai ya rage masa 'ya mace guda, Matilda, wadda aka kai Jamus tun tana shekara 8 aka aurar wa babban sarkin can. Da mijin ya mutu a 1125 ba su haihu ba, uban ya kira ta gida, ya tara hakimansa a 1127 ya sa suka yi rantsuwa cewa ita za su yi wa mubaya'a bayan ransa. Sannan ya aurar da ita ga Geoffrey na Anjou, yaron da ta girma da shekara 11.

Cikin waɗanda suka yi rantsuwar har da Stephen, ɗan 'yar'uwar sarki. Ka ga ke nan shi da Matilda taubasai ne, ɗan mace da 'yar namiji, waɗanda a wurinmu wasa ne tsakaninsu. Stephen ɗin nan ya shiga Farin Jirgi a wancan dare, ciwon ciki ya sa ya sauka kafin a tashi. Da Henry ya rasu a farkon Disamba 1135, Matilda tana ƙetaren teku, Stephen ya yi wuf ya isa Landan, ƙaninsa bishop na Winchester ya shige masa gaba, aka naɗa shi kafin watan ya ƙare.

Abin da ya sa wannan zamani yake da daɗin karantawa shi ne, babu mugu ɗaya da za ka jingina wa laifi ka huta. Stephen mutumin kirki ne mai sanyin zuciya, kuma sanyin zuciyar ne ya jawo wa ƙasa wahala. A 1139 da Matilda ta sauka a Arundel, ta shigo hannunsa, amma ya ba ta rakiya ta tafi Bristol wurin yayanta Robert na Gloucester, ɗaya daga cikin 'ya'yan da ubanta ya haifa a waje, wanda ya zama sarkin yaƙinta. Ita kuwa gaskiya tana wajenta, amma ba ta iya lallashi ba. A Fabrairu 1141 aka kama Stephen a yaƙin Lincoln, aka sa masa mari. Sarauta ta zo mata har bakin ƙofa. Ana shirin naɗi ta matsa wa mutanen Landan da neman kuɗi, suka buga ƙararrawa suka fito da makamai, ta bar abinci a kan tebur ta gudu. Malaman coci da suka rubuta tarihin sun ce girman kai ya kayar da ita. Marubucin kirki zai sa ka tsaya ka tambayi kanka: da namiji ne ya yi irin wannan magana, girman kai za su kira ta ko kwarjini?

Kuma wadda ta ceto Stephen mace ce, matarsa, ita ma sunanta Matilda. Ta tara runduna, aka kama Robert a Winchester a Satumba na wannan shekarar, aka yi musayar fursunoni, komai ya koma ɗanye. (Saboda sunan ya zo ɗaya, marubuta da yawa sukan kira 'yar sarkin Maude. Idon Bahaushe zai ɗauka sunan namiji ne, amma su "Mod" suke furtawa.) A ƙarshen 1142 Stephen ya yi wa Matilda 'yar sarki ƙawanya a ganuwar Oxford har abinci ya ƙare. Da dare ta lulluɓa da fararen kaya ita da 'yan barade kaɗan, suka taka daskararren kogi cikin dusar ƙanƙara suka wuce ta tsakiyar sansanin abokan gaba. Duk wanda ya karanta wannan a ƙagaggen labari zai ce marubuci ya zuƙa, alhali yana nan cikin tarihin da mutanen lokacin suka rubuta.

Akwai wani da ya fi taɓa ni. A 1152 Stephen ya kewaye wata ganuwa a Newbury, mai ganuwar, John Marshal, ya ba da ɗansa William ɗan shekara biyar ko shida a matsayin jingina, sannan ya karya alkawari. Aka aika masa za a rataye yaron. Ya ce su rataye, ai yana da uwar maƙera da masabar da zai ƙera waɗanda suka fi shi. Stephen ya dubi yaron ya kasa. Wannan yaro shi ne William Marshal, wanda ya girma ya bauta wa sarakunan gidan ɗaya bayan ɗaya, har ya zama mai riƙon ƙasa yana tsoho, ya rasu a 1219. Mai karatu yana iya riƙe hannun mutum ɗaya tak ya ratsa kusan dukkan zamanin da shi.

Talakawa kuwa sun ɗanɗana kuɗarsu. Wani malamin coci a Peterborough ya rubuta cewa a shekaru 19 na mulkin Stephen mutane a fili suke cewa Almasihu da waliyyansa barci suke yi. A ƙarshe babban ɗan Stephen ya mutu a 1153, aka yi sulhu cewa Stephen zai ƙarasa kwanansa a kan karaga, ɗan Matilda ya gaje shi. Matilda ba ta taɓa sa kambi ba, amma ɗanta Henry na II ya hau a Disamba 1154 yana da shekara 21.

Daga nan labarin ya tashi daga na taubasai ya koma na cikin ɗaki. Eleanor ta Aquitaine ta gaji ƙasa mai faɗi a kudancin Faransa. Ta auri Sarkin Faransa Louis na VII a 1137, ta haifa masa mata biyu, aka raba auren a Maris 1152, bayan mako takwas ta auri Henry wanda ta girma da kusan shekara goma. Ta haifa masa 'ya'ya takwas. Mulkinsu ya miƙe daga iyakar Sikotland har duwatsun da suka raba Faransa da Sifen. A 1170 barade huɗu suka kashe Thomas Becket, babban limamin cocin Canterbury kuma tsohon aminin sarki, a cikin cocinsa, bayan wata maganar fushi da sarkin ya yi. A 1173 'ya'yan sarki uku suka yi masa tawaye, uwarsu na bayansu. Ya murƙushe su, ya yafe wa 'ya'yan, ya kulle uwar shekara 16. A 1189 ɗansa Richard ya haɗa kai da Sarkin Faransa suka durƙusar da shi, yana kwance a Chinon ya nemi a karanta masa sunayen waɗanda suka juya masa baya, ya ji sunan John, autansa, wanda ya fi ƙauna. Bai ƙara kwanaki ba ya cika.

Wanda ya tashi a babban gida ba ya bukatar a yi masa fassarar wannan. Uba ya ƙi sakin ragama, 'ya'ya sun girma sun ƙosa, uwa ta fifita ɗaya, uba ya fifita wani. Abin mamakin ma duk ciki ɗaya suka fito, ba 'yan uba ba ne balle a ce kishin uwaye ne.

Sai dai akwai wuri ɗaya da mai karatu Musulmi ya kamata ya shiga da idonsa a buɗe. Richard, wanda Turawa ke yi wa kirari da mai zuciyar zaki, shi ne ya jagoranci yaƙin 'yan Salibiyya na uku, ya gwabza da Salahuddin al-Ayyubi. A Agusta 1191, bayan faɗuwar birnin Akka, ya sa aka yanka fursunoni Musulmi kusan 2,700. Tsofaffin littattafai sukan tsallake wannan ko su nema masa uzuri. Marubutan baya-bayan nan sun fi gaskiya, suna kawo shi, amma har yanzu daga cikin tantin Richard ake kallon abin. Ni a nan nake auna marubuci. In ya wuce Akka da layi biyu, na san abin da zan ɗauka daga sauran maganarsa. Richard ɗin ma, cikin shekara goma na sarautarsa wata shida kacal ya yi a Ingila, kuma uwarsa ce, tana da shekara 70 da ɗoriya, ta tara kuɗin fansarsa ta kai Jamus da kanta lokacin da aka kama shi a hanyar dawowa.

Yanzu mu tsallaka fiye da shekara 250.

Yaƙin Wardi rikicin jikoki ne. Sarki Edward na III, wanda ya rasu a 1377, ya bar 'ya'ya maza da yawa, kowanne da zuriyarsa. Gidan Lancaster ya ƙwace sarauta a 1399, kuma sun fito ne daga ɗa na uku, namiji bayan namiji. Gidan York suka ce su ta wajen uwa daga ɗa na biyu suka fito, don haka sun fi cancanta. Wanda ya san Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukur da Yusufawa, dukkansu jikokin Ibrahim Dabo, ba zai yi baƙunta a nan ba: kaka ɗaya, gidaje biyu, kowa na ganin gadon nasa ne.

Da sarki mai ƙarfi ne a kan karaga da maganar ba ta taso ba. Amma Henry na VI ya gaji sarauta yana da wata tara, ya girma mutum mai ibada wanda ba ya iya cewa a'a. A hannunsa Ingila ta rasa kusan duk abin da ta mallaka a Faransa. A Agusta 1453 ya samu taɓin hankali, ya yi fiye da shekara ba ya magana ba ya gane kowa, har aka haifa masa ɗa bai sani ba. Matarsa Margaret ta Anjou ta tsaya kare gadon ɗanta, Richard na York ya tsaya neman nasa. Aka fara zubar da jini a St Albans a Mayu 1455. A ƙarshen 1460 aka kashe York a Wakefield, aka soke kansa a ƙofar birnin York da kambin takarda. Bayan wata uku ɗansa Edward, ɗan shekara 18, dogo ƙaƙƙarfa, ya rama a Towton ranar 29 ga Maris 1461, ana zuba dusar ƙanƙara. Masu ba da labari na lokacin sun ce mutum 28,000 suka mutu. Masana na yanzu suna ganin adadin bai kai haka ba, amma har yau ana lissafa shi cikin yaƙe-yaƙe mafi muni da aka yi a ƙasar Ingila.

In soyayya kake nema, ga ta nan. A 1464 wannan saurayin sarki, Edward na IV, ya auri wata bazawara mai 'ya'ya biyu a ɓoye, Elizabeth Woodville, wadda mijinta ya mutu yana yaƙi a ɓangaren Lancaster. A daidai lokacin hakimin Warwick, wanda ya yi masa hanyar sarauta, yana nema masa auren gidan sarautar Faransa. Warwick ya ji an kunyata shi, dangin amarya suka cika fada, ya sauya sheƙa, ya kori Edward a 1470 ya mayar da Henry na VI. Edward ya dawo a 1471, ya kashe Warwick a Barnet, aka kashe ɗan Margaret a Tewkesbury, tsohon sarki ya mutu a Hasumiyar Landan a daren da Edward ya shigo gari. Bayan shekara bakwai ya sa aka kashe ƙaninsa George, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ake cewa a cikin gangar giya aka nutsar da shi.

Sai 1483, shekarar da ta haifi littattafai fiye da kowace. Edward ya mutu a Afrilu yana da shekara 40, ya bar ɗa ɗan shekara 12 da ƙaninsa ɗan shekara 9. Baffansu Richard na Gloucester, wanda bai taɓa cin amanar yayansa ba, ya zama mai riƙo. Cikin wata uku aka ce auren iyayen yaran bai halatta ba domin sarki ya riga ya ɗaura alkawarin aure da wata, aka ce yaran ba na halak ba ne, baffan ya hau a matsayin Richard na III ranar 6 ga Yuli. Yaran suna cikin Hasumiyar Landan, ana ganinsu suna wasa, sai aka rage ganinsu, sai aka daina. Bayan shekara biyu, ranar 22 ga Agusta 1485, rundunar Henry Tudor, mai neman sarauta ta ɓangaren Lancaster, ta kashe Richard a Bosworth. Uwar wannan Henry, Margaret Beaufort, ta haife shi tana da shekara 13, ba ta sake haihuwa ba, ta yi shekara 28 tana ƙulla masa hanya, kuma rundunar dangin mijinta na ƙarshe, gidan Stanley, ce ta karya yaƙin a ranar.

Kowa ya ji wannan zai ce ai ya fi na farko zafi. Gaskiya ne, ya fi shi gudu, ya fi shi juyin-juya-hali, kuma yana da abin da ƙarni na 12 ba shi da shi, wato sirrin da ba a warware ba. Wa ya kashe yaran? An kashe su ma kuwa? A 1674 an tono ƙasusuwan yara biyu a ƙarƙashin wata matakala a Hasumiyar, suna nan a cocin Westminster. Shi kansa Richard a 2012 aka gano ƙasusuwansa a ƙarƙashin wurin ajiye motoci a Leicester, gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar shi ne, aka sake binne shi a 2015. Ƙashin bayansa a karkace yake, amma ba shi da shanyayyen hannun da Shakespeare ya ɗora masa a wasansa. Wannan ya nuna yadda waɗanda suka ci yaƙi suka ƙara wa hotonsa baƙi.

To me ya sa ban ce a fara da shi ba?

Na farko sunaye. A cikin shekaru 30 ɗin nan akwai Edward biyar masu muhimmanci: sarki, ɗansa, ɗan Henry na VI, ɗan Richard, da ɗan George. Richard ma sun fi biyar. Ga Margaret, ga Elizabeth, ga Anne, kowanne biyu ko uku. Abin da ya fi rikitarwa, manyan mutane da sarautarsu ake kiransu, kamar yadda muke cewa Galadima ko Madaki ba tare da kama suna ba. Za ka ga an kashe Somerset a 1455, ka sake ganin an kashe Somerset a 1464, ka sake gani a 1471. Mutum uku ne, uba da 'ya'yansa biyu. Wanda ke fama da Ingilishin littafi kuma ga wannan a kansa, daɗin labarin zai tsere masa yana can yana duba jadawalin zuriya a shafin farko. A ƙarni na 12 kuwa, in ka riƙe mutum shida ko bakwai ka riƙe labarin.

Na biyu ɓangaranci. Kusan duk wanda ya rubuta labari a kan Yaƙin Wardi ya riga ya zaɓi gida. Akwai ma ƙungiya a Ingila tun 1924 da aikinta shi ne wanke sunan Richard na III. Saboda haka a wani littafin Richard waliyyi ne, Elizabeth Woodville mayya, Margaret Beaufort makira. A wani kuma an juya. Littafin farko da ka karanta shi zai zame maka gaskiya, kuma da wuya ka kuɓuta daga gare shi. Ni na so Richard na littafi ƙwarai, na yi baƙin cikin mutuwarsa a Bosworth kamar na san shi. Amma in aka tambaye ni tsakani da Allah, yaran a hannunsa suke, ya ji ana raɗe-raɗin ya kashe su, raɗe-raɗin yana cin mulkinsa, bai kuma fito da su ya nuna wa jama'a ba. Wannan nauyi ne da babu marubucin da ya taɓa sauke mini shi. Gara mutum ya shiga wannan fage bayan ya saba da dabarun marubuta, ya san inda tarihi ya tsaya da inda alƙalami ya ɗora.

Na uku shi ne ya fi mini ƙarfi. Hujjar gidan York gaba ɗaya a kan tambaya ɗaya ta tsaya: shin gadon sarauta yana bi ta mace? Wannan tambaya a zamanin Matilda aka fara zubar da jini a kanta, kuma hawan ɗanta ya nuna cewa a Ingila mace tana iya miƙa kambi ko da ba a bar ta ta sa shi ba. Duk masu neman sarautar da aka yi yaƙin Towton da na Bosworth dominsu zuriyarta ne. Wanda ya fara da ita, in ya iso 1460 ya ji York ya shiga majalisa ya ɗora hannu a kan karaga yana kafa hujja da kakarsa, zai gane zurfin maganar. Wanda ya faro daga ƙarshe zai ɗauka kwaɗayi ne kawai.

Akwai wani bambanci da ba na cewa wannan ya fi wancan, sai dai a san shi. Ƙarni na 12 ya fi nisa, kuma shaidunsa kaɗan ne, mafi yawansu malaman coci ne masu zaune a ɗakin ibada. Eleanor da duk shahararta babu wanda ya bar mana bayanin launin gashinta ko na idonta. Sarakunan ma Faransanci suke yi, rabin labarin a Faransa yake faruwa. Marubuci yana da fili ya ƙirƙira, mai karatu kuma dole ya yarda da shi. Ƙarni na 15 ya fi kusa: akwai wasiƙun iyalin Paston na Norfolk, inda mata da miji ke maganar gona da bashi da auren 'ya'ya da Ingilishin zamaninsu, an kafa injin buga littafi a Westminster a 1476, takardun gwamnati sun yi yawa. Wanda ke son ya gama babi ya shiga intanet ya bincika ko haka aka yi, a nan zai fi samun abin taunawa.

Mata fa? Duka zamunnan biyu mata ne ginshiƙinsu, shi ya sa mata suka fi rubuta su. Amma ƙarfinsu ba iri ɗaya ba ne. Matilda da Eleanor ƙasa suke da ita ta kansu, da hakimai masu yi musu mubaya'a. Matan ƙarni na 15, ban da Margaret ta Anjou da ta ja runduna, ta hanyar miji da ɗa da wasiƙar sirri suke aiki. Mai son makircin cikin gida zai fi jin daɗin na biyun.

Game da littattafan kansu, marubuciya ɗaya ta rubuta duka zamunnan, Sharon Kay Penman, don haka da ita aka fi sauƙin gwadawa. When Christ and His Saints Slept shi ne na Matilda da Stephen, kuma shi ne farkon jerin da ya bi gidan har mutuwar Richard mai zuciyar zaki. The Sunne in Splendour, na 1982, shi ne na Richard na III, kuma a fili take tana bayansa. Dukkansu manya ne, tana kuma bayyanawa a ƙarshen littafi inda ta saɓa wa tarihi, ɗabi'ar da nake so kowane marubuci ya ɗauka. Wanda ke son abin da bai kai wannan nauyi ba, Elizabeth Chadwick ta rubuta The Greatest Knight a kan William Marshal. A ɗaya ɓangaren, The White Queen na Philippa Gregory ya fi kowanne sauƙin Ingilishi, da bakin Elizabeth Woodville ake ba da labarin, amma ta sa tsafi ya zama gaskiya a ciki, ana kiran hadari da hazo, abin da a tarihi zargi ne kawai da abokan gaba suka yi wa uwar sarauniyar. A sani kuma, yawancin littattafan nan suna da wuraren da ake shiga ɗakin ma'aurata, wasu marubutan sun fi wasu sakin baki, saboda haka babba ya duba kafin ya miƙa wa yaro.

Wanda ya kamata ya saɓa mini shi ne mai son labarin bincike, wanda ba ya iya barci sai ya san wa ya yi kisa, ko wanda ya riga ya ga wasan Shakespeare yana son jin ɗaya ɓangaren. Shi ya tafi 1483 kai tsaye, amma ya ɗauki takarda ya rubuta Edward ɗin nan biyar da sunayen uwayensu, ya sa a tsakiyar littafin, kuma ya yi wa kansa alkawarin karanta na biyu daga marubucin da ke ɗaya gidan.

Ƙanwata kuwa na Matilda na miƙa mata. Na ce ta yi haƙuri da shafukan farko har jirgin ya nutse, daga nan ba za ta bukaci kowa ya tura ta ba. In ta bi gidan har ƙarshe za ta kai Fontevraud, gidan ibadar da ke Faransa inda aka binne Eleanor, wadda ta rasu a 1204 tana da kusan shekara 80, bayan ta binne takwas daga cikin 'ya'yanta goma. Kabarinta yana nan kusa da na mijin da ya kulle ta da na ɗan da ta fanso. Su an sassaƙa su da kayan sarauta, ita kuwa an sassaƙa ta a kwance, da buɗaɗɗen littafi a hannunta.